Ruwan Ciki da Ruwan Rijiya: Tarihin Neman Jari a Kaduna ta Arewa

Duk wanda ya taso daga Kawo da hantsi, ya biyo titin Ali Akilu ta gefen Unguwar Sarki, ya miƙe bisa titin Ahmadu Bello har ya kai Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, in dai mai lura ne, zai wuce kusa da gine-gine da dama waɗanda aka aza tubalinsu, kowanne a nasa zamani, bisa niyya guda, watau a ɗebo dukiya daga taskar hukuma a danƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, domin ya juya ta a kasuwa ko a maƙera ko a gona, ya fid da kansa daga ƙangin fatara da guminsa. Samarin yanzu, masu cika takardar neman tallafi a wayar hannu suna zaune a bakin shago, suna tsammanin tare da intanet aka haifi wannan al'amari. Alhali kuwa ya girmi iyayensu, ya kuma sha sauya suna, har mai bin tarihinsa yakan rasa ko baƙo ne ya iso ko tsohon ne ya sake rawani.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, tarihin da nake so in bayar kuwa bai wuce sharhin wannan magana ba. Kowa ya yarda mai ƙishirwa ba ya jan guga. Inda ake saɓani shi ne wa zai ba shi kurɓin farko, kyauta za a ba shi ko rance, sa'an nan, abin da ya fi duka wuya, ta yaya mai bayarwa zai rarrabe wanda in ya sha zai kama igiya da wanda in ya sha zai nemi inuwa ya miƙe ƙafa.

Wannan mas'ala ta fi tsanani a Kaduna bisa sauran biranen Arewa, domin kuwa gari ne da alƙalamin Bature ya haifa. Ba ta da ganuwa, ba ta da kasuwa irin Kurmi ta Kano wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba ta kuma da tsofaffin gidajen fatake da suka gaji amana kaka da kakanni. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin a cikin ƙasar Gwarawa saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa, sojoji suka fara sauka a 1913, gwamnati ta taso daga Zungeru ta tare a 1917. Aka jera ofisoshi da bariki da gidajen Turawa a arewacin kogi, mutane kuwa suka yi ta kwararowa, leburori da masinjoji da 'yan koli da mahauta, kowa ya nemi inda 'yan garinsu suka ya da zango ya raɓa. Sunaye irin su Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa har yau suna ba da shaida. A gari irin wannan, inda ba mai iya nuna kushewar kakansa, saurayin da ke neman jari ba shi da zauren da zai yi sallama a ce an san ubansa.

Sanin uba kuwa shi ne jinginar mutanen da. A Kano ko Katsina ko Zariya yaro yakan tashi a zauren maigida, ya yi shara, ya ɗauki kaya, ya kora jakai a ayari, ana aikensa da 'yan kuɗi ana duban abin da zai komo da shi, shekara biyar ko bakwai ko goma ana auna shi bai sani ba. Ranar da aka ga ya nuna, sai a yi masa aure, a ware masa jari, a haɗa shi da dillalai da masu masauki a garuruwan fatauci, a ce je ka gwada, Allah ya sa albarka. In hasarar ƙaddara ta same shi, aka tare ayari ko goro ya ruɓe a hanya, maigida ya haɗiye ya sake ba shi. In kuwa ha'inci ya yi, labari zai riga shi isa kowace kasuwa, daga Kurmi har Sabo ta Ibadan, ba mai sake ba shi bashin ko ɓarin goro. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wannan hanya ya tara dukiyar da ta zama abin kwatance: ya fara da fataucin goro a Gwanja, ya komo sayen gyaɗa, yana raba wa yaransa kuɗi bisa amana su bazu ƙauyuka, wasunsu kuma suka zama attajiran kansu. Mata a cikin gida su ma suna da nasu banki. Na tashi na iske wata gwaggona a Unguwar Shanu uwar adashi ce ta mata goma sha biyu, ba ta taɓa shiga aji ba, lissafinta zane ne da gawayi a bayan ƙyaure, amma ban taɓa jin kwabo ya yi ɓatan kai ba. Wadda ranar kwasarta ta zo takan auno gyaɗa mudu kaza ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ko ta ɗaure ɗan rago tana jiran layya.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba hukunci ba. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san ƙiradi, wanda wasu ke kira mudaraba: mai dukiya ya ba da tsabar kuɗi, mai aiki ya ba da ƙarfinsa da basirarsa, a yanke rabon riba tun farko, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba za a raba ba kuwa sai uwar kuɗi ta komo, in aka faɗi ba da sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, hasarar dukiya tana wuyan mai dukiya, shi mai aiki wahalarsa ce ta tafi. Hikimar a fili take, tun da mai bayarwa ya san yana iya rasa kuɗinsa, tilas ya buɗe ido kafin ya miƙa, ya kuma riƙa leƙawa bayan ya miƙa. A babin zakka ma Malikawa sun halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, Shafi'awa kuwa suka ce mai sana'a a ba shi kuɗin kayan aikinsa kome yawansu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas labarin wani Ba'ansare da ya zo roƙo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: aka tambaye shi abin da ya mallaka, ya kawo wani mayafi da ƙoƙon shan ruwa, aka yi gwanjonsu dirhami biyu, aka umarce shi ya saya wa iyali abinci da ɗaya ya sayo gatari da ɗaya, Annabi ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya sallame shi ya tafi itace, kada ya komo sai bayan kwana goma sha biyar, ya komo da dirhami goma. Masu wa'azi sukan tsaya a kan gatarin, ni kuwa ƙotar ce ke tsaya mini a rai, da wa'adin komowa.

Da Turawa suka zo, sai takarda ta shiga tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Tun wajen 1928 suka fara koyar da noman shanu, ana ba manomi bijimai biyu da garma rance daga baitulmalin En'e, ya riƙa biya bayan kaka, hakimi ko dagaci ya tsaya masa. A zamaninsu ne kuma aka shigo da abin da nake ɗauka shi ne kakan gasannin yau, watau nunin amfanin gona, inda akan tara manoma a fili gaban Razdan da sarki, alƙalai su zaga suna duban damin dawa da farin auduga da ƙibar sa, wanda ya zo na ɗaya a ba shi kyauta da takardar yabo. Wannan gasa tana da wata fa'ida da jikokinta suka rasa: abin da aka riga aka noma ake aunawa, ana gani ana taɓawa, ba a auna alkawarin baɗi.

Babbar taska ta buɗe ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga, masu sayen amfanin manomi a farashin da suka yanke su sayar a Turai da tsada, rarar kuwa a tara. Daga wannan rara aka ciyar da hukumomin raya ƙasa da ba da rance, waɗanda aka haɗe a 1956 suka zama Hukumar Raya Jihar Arewa, uwar kamfanin NNDC mai hedkwata a gidan Ahmed Talib da ke titin Ahmadu Bello. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, cewa abin da aka riƙa kira taimakon gwamnati gumin manomin Ɗambatta da Gumel da Ƙauran Namoda ne, aka yi masa zagaye ta Kaduna. Burin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, a bayyane yake, kuma buri ne nagari: ya ga ɗan Arewa da motar sufurinsa, da kantinsa, da kwangilarsa, da lasisin sayen gyaɗa, maimakon ya dawwama yaron kamfanin Turawa ko na attajiran Sham. Mutane da yawa sun tashi ta wannan hanya, zuriyarsu na cikin wadata har gobe. Amma da yake ofis bai san kowa ba, dole sai an sami mai gabatar da mai nema, mai gabatarwa kuwa hakimi ne ko ɗan majalisa ko jigon jam'iyya. Saboda haka 'yan NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, suka yi ta ƙorafin cewa rancen yana tambayar katin jam'iyya kafin ya tambayi sana'a. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, da soja suka sa aka bincika littattafan hukumar, sai aka iske basussuka masu nauyi a wuyan manya, ba a kuwa biya ba. Sanayyar da ta kasance amana a zaure ta zama alfarma a ofis, domin shi maigida da kuɗinsa yake kasada, mai gabatarwa kuwa da kuɗin jama'a.

A shekarun da suka biyo, masaƙun Kakuri a hayin kogi, waɗanda ta farinsu ta fara aiki a 1957, sun yi wa talakan Kaduna abin da ba wani asusu da ya yi masa: dubban ma'aikata na ɗaukar albashi wata-wata, mai tuwo da tela da mai gyaran keke a Tudun Wada na ci daga aljihunsu. A 1973, shekarar da naira ta gaji fam, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Bankin Manoma ta ajiye hedkwatarsa a nan Kaduna, a titin da ke ɗauke da sunansa. Banki kuwa banki ne, jingina yake nema. Manomin da gonarsa ta gado ce, ba ta da takarda sai shaidar dagaci da kukar da ke kan iyaka, galibi a bakin ƙofa ya tsaya, tsohon babban soja ko babban ma'aikaci, wanda ya san hanyar takarda, ya shige ciki.

Sa'ad da farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu na 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida, naira ta karye, aka yi ta rage ma'aikata, sai kalmar dogaro da kai ta cika rediyo. Aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, uwargida Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, a 1989 kuma aka buɗe bankin talakawa, aka ɗora Tai Solarin a kan kujerar shugabancinsa. An kwaikwayo shi ne daga Bangaladash, inda Farfesa Muhammad Yunus ya fara a 1976 da ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra, ya gina bankin Grameen bisa dabarar matalauta su haɗu rukuni-rukuni su tsaya wa juna, kunyar maƙwabci ta zama jingina. Gwaggona da ta ji bayanin a rediyo, sai ta taɓe baki ta ce ai wannan adashi ne aka sa masa kwat. Gaskiya ta faɗa, illa dai ta bar abu guda: kuɗin adashi na 'yan zubi ne, wadda ta ƙi zubi ta san ɗakin wadda ta cuta da sunayen 'ya'yanta, kuɗin banki kuwa na gwamnati ne, kuma a fahimtar da yawa daga mutanenmu, fahimtar da ba malamin da ya sa mata albarka, dukiyar gwamnati ganima ce, wanda ya samu rabonsa ne ya tsaga. A wurare da dama akan haɗa rukuni da hantsi a ƙofar banki, a karɓa da azahar, a watse da la'asar. A shekarar 2000 aka haɗe bankin talakawa da Bankin Manoma da shirin bunƙasa tattalin arzikin iyali na FEAP na zamanin Janar Sani Abacha, suka zama banki ɗaya, yana nan inda yake.

Shekarar nan ta 2000 ba sai an tuna wa mutumin Kaduna ita ba. Rikicin addini na watan Fabrairu, da wanda ya biyo a 2002, sun raba garin biyu, kogi ya zama iyaka, Musulmi galibi suka tattaro arewa, Kirista suka koma kudu, abokan ciniki na shekara da shekaru suka daina taka shagon juna. Masaƙu kuma suka yi ta rufewa, har babbarsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda Shugaba Obasanjo ya kafa a 2001, ya zo ya wuce, gadon da ya bari shi ne sunansa a jikin babur mai ƙafa uku, wanda yaran yau ke kira Keke Napep ba su san asalin kalmar ba. Ko shi keken, akasarin samarin da ke jigila da shi tsakanin Kawo da Kasuwa wani mai hali ne ya saya ya ba su, suna kawo balas kowace yamma. Watau tsohon maigida ne ya komo ta bayan gida, sai dai wannan karon bai san uban yaron ba, ba ya kuma ɗaukar hasara.

A can waje kuwa, masu ba da agaji sun gaji da rancen da ba ya komowa da kyautar da ba ta haihuwa, sai suka karkata ga gasa. Bankin Duniya ya fara tasa a 1998. A Nijeriya babbarsu ita ce YouWiN, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2011 a ƙarƙashin ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Sharaɗi shi ne mai nema kada ya wuce shekara 40, ya rubuta tsarin kasuwancinsa ya aika ta intanet. Wanda ya ci a ba shi kyauta, ba rance ba, har zuwa naira miliyan 10, kashi-kashi, ana duba aikinsa kafin a saki na gaba. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka tace 6,000 domin horon kwana huɗu, aka fid da 1,200. Abin da ya sa ta cancanci a dakata a kanta shi ne yadda aka zaɓi mafi yawan waɗanda suka ci: bayan an ware na gaba-gaba bisa maki, sai aka tara sauran da suka tsallake, mutum 1,800 da 'yan kai, aka jefa musu ƙuri'a da kwamfuta, aka fid da fiye da 700. Da haka aka toshe ƙofar alfarma, aka kuma sami sikeli, domin ga rukuni biyu masu kama da juna, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Wani masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, David McKenzie, ya bi sawunsu shekara biyar, ya wallafa a 2017 cewa waɗanda suka samu sun fi kafa sana'a, sun fi ɗorewa, sun fi ɗaukar ma'aikata, har ya ƙiyasta ayyukan yi kimanin 7,000. Daga baya shi da abokin aikinsa suka komo kan makin alƙalai, suka iske bai nuna kome ba game da wanda zai ci gaba da wanda zai durƙushe.

Na daɗe ina jujjuya wannan a raina. Ƙuri'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Alƙur'ani mai girma ya ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai reni Nana Maryamu, malaman fiƙihu kuma sun yarda da ita inda haƙƙoƙi suka yi kunnen doki aka rasa mai rinjayarwa. Amma a ce masana sun zauna sun karanta shafi bayan shafi, hukuncinsu bai ɗara na ƙuri'a ba, lalle wannan dalili ne cewa abin da maigida ke karantawa a jikin yaro cikin shekara bakwai ba ya hawa takarda. Dalili ne kuma a kanmu mu dattawa, domin zaton da muka daɗe muna yi wa matasa, wai in an ba su kuɗi aure za su ƙara ko su sayi mota, zalunci ne ga da yawa daga cikinsu.

To, amma su wa suka shiga? Mata ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka ci ba, har aka keɓe musu zagaye na biyu. Akasarin masu nema kuwa 'yan boko ne masu ilmi mai zurfi. Ina da ɗan ƙanwa mai walda a Panteka, wanda in ka kwatanta masa inji da baki da safe, kafin magariba ya yanka ƙarfe ya haɗa maka shi. Karatunsa na allo ne, ya sauke, ya taɓa firamare ya tsaya. Wata shekara aka yi shelar wata gasa daga cikin irin waɗannan, ya zo mini bayan isha'i, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, an ce ana raba jari a kwamfuta, ni kuwa injin walda nake so nawa na kaina, da janareta." Washegari muka tafi wani shagon buga takardu, muka iske layi, wani matashi na zaune gaban kwamfuta yana karɓar kuɗi yana rubuta wa mutane tsarin kasuwanci, wannan na kaji, wannan na kifi, wancan na ruwan leda. Ya dubi yaron ya ce, "Oga, nawa za ka samu a shekara ta uku?" Yaron ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Wannan ai sanin gaibu ne, sai Allah." Mai kwamfuta ya yi dariya ya juyo gare ni, ya ce, "Baba, ku bar maganar walda, ina da na kaji a shirye, suna kurum zan canja." Na ga takardar da idona: kaji dubu biyar, ga ribar kowane wata an jera ta tsaf har shekara biyar, ba annoba, ba tsadar dusa, ba ɗauke wuta. Yaron ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ce, "Kawu, mu tafi. Ni ko zakara ban taɓa kiwo ba, in na ci da wannan, haram na ci."

Gasanni da asusu ba su daina zuwa ba. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara nata a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 ga matasan Afirka 10,000 cikin shekara goma. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi shirin KADSTEP, horo tukuna sa'an nan rance daga Bankin Masana'antu. A 2018 gwamnatin tarayya ta shiga kasuwanni da TraderMoni, naira 10,000 ga mai tireda da mai kayan miya. Na farko da na biyu mai Turanci suke nema, na uku kuwa ya kai ga talaka na haƙiƙa, amma da abin da bai wuce jiƙa maƙoshi ba, ya kuma zo gab da zaɓe, har 'yan adawa suka laƙaba masa wani suna. A watan Maris na 2020 aka rushe Kasuwar Barci domin a sake gina ta, teloli da 'yan gwanjo suka watsu cikin lungunan Tudun Wada da kekunansu da dilolinsu. Mai son lissafi ya ɗora jarin da ya narke a wannan mako a sikeli ɗaya da wanda aka raba a waɗancan shekaru.

Tsohuwar Panteka tana nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, tun daga nesa ƙarar guduma ke yi wa mutum maraba. 'Yan bola-jari, waɗanda sunansu kaɗai ya isa darasi, suna turo baro cike da tsofaffin ƙarafa da gwangwanaye, a auna a biya su, kafin mako ya zagayo kayan sun zama murhu da tukwanen alminiyon da akwatuna da injin niƙa. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin aka fara haɗa kai da masu sana'ar wurin, a gwada hannun mutum a ba shi takardar shaida bisa abin da ya iya yi a gaban mai dubawa, watau an komo ga ma'aunin nunin amfanin gona. Ɗan ƙanwar nan nawa kuwa, da ya cika shekara tara a hannun maigidansa, sai maigidan ya tara abokan sana'a aka yi addu'a aka raba goro, ya saya masa injin walda na hannu, ya yanka masa gefen rumfa, yana tura masa ƙananan ayyukan da suka yi masa yawa. Janareta kuwa adashin masu walda ne ya saya masa, shi ne na sha bakwai a kwasa. Ranar da na kai masa ziyara ta baya-bayan nan na iske yara biyu a ƙarƙashinsa. Muna cikin gaisawa ya ciro kuɗi ya aiki ƙaramin ya sayo sandunan walda. Da yaron ya komo ya miƙa canji, sai na ga ya karɓa kamar bai damu ba, ya juya baya, ya ƙirga.